Kada Ka Hana Doki Tsoron Ƙasa

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da dokinka Bidi. Allah Ya tsare ka daga abin da idonka ke gani da wanda ba ya gani, Ya kiyaye gabanka da bayanka, samanka da ƙasanka. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi, don sanyin wajenku ya fi na Kwararafa cizo.

Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Na san za ka ce me ya hana Baba ya kira a waya. Ai na san wayarka: "To Baba, to Baba," alhali hankalinka na can wani wuri. Shi ya sa na rubuta, na ba Iliya direba, mai kawo dankali kasuwar Farin Gada daga wajenku, na ce ya danƙa maka hannu da hannu, kada ya bar ta wurin maigadi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ogan da ya ɗauke ka aiki a gidan gonarsa na hanyar Barikin Ladi ya ce baƙinsa za su riƙa hawan Bidi suna zagaya duwatsu da tafkuna, kuma ranar da doki ya turje da baƙo a kansa, ranar kai da dokin za ku kamo hanyar Jos. Kai kuma ka ɗaura aniyar raba Bidi da tsayuwar nan da yake yi a fili ba gaira ba dalili. To ni so nake ka bar masa ita, ko da za ta ci maka aikin. Ƙasar da ka tafi ta fi tamu ramuka, kuma ranka nake jiye wa tsoro, da ran duk wanda za ka ɗora a sirdin nan. Ka zauna ka karanta a tsanake, kurakuraina zan jera maka.

Kakanka Malam Audu kuza ce ta kawo shi Jos. Ya ɗauki kwanon ƙasa a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare, kafin wani Baturen kamfani ya ga yadda yake shafa doki ya ba shi barga. A hannunsa na koyi ɗaura majayi da riƙon linzami. Yakan ce mini, "Sale, ka cire wa doki tsoron mota, ka cire masa tsoron kare da tsoron tuta, wannan aikinka ne. Amma kada ka kuskura ka cire masa tsoron ƙasa."

Ka san loto, ko da yake ku yaran yanzu bakinsa kawai kuka sani. Masu neman kuza sukan haƙa rami kamar rijiya, in sun kai ga kuzar sai su bi ta a kwance, su yi ta rarake ƙasa ta ciki, wannan ya nufi gabas wancan ya nufi yamma. In kuza ta ƙare su fito su yi gaba. Bakin ramin ya toshe, ciyawa ta rufe shi, amma hanyoyin suna nan a ƙasa, kuma waɗanda suka haƙa su yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sai ka ga fili shimfiɗe kore shar, ashe ɓawo ne kawai ya rage a sama. Saboda haka in kakanka ya shiga filin da bai sani ba, sai ya saki linzami ya bar doki ya zaɓi wurin taka ƙafa. In dokin ya tsaya, ba ya gardama. Sauka yake ya ja shi su koma, ko da ɗaurin aure za shi.

Kuskurena na farko, kunyar wannan hali nasa na riƙa ji. Samarin da muke kilisa tare a bayan unguwar Refil suna kirana ɗan mai tsoron ciyawa, ni kuma ina dariyar yaƙe, ina cewa a raina tsoho da camfi. Ban taɓa zama na tambaye shi yadda yake gane tsayuwar doki ba, sai da na koya da ƙashin ƙafata. Nura, in babba ya ba ka doka bai faɗa maka dalili ba, ka riƙe ta har ka gano dalilin. In abokai sun yi maka dariya, ka bar su, ba su za su yi jinyarka ba.

Bari in koya maka abin da ya kamata a ce na koya maka tun kana hawa da taimakon turmi. Tsayuwar doki iri biyu ce. Akwai ta taurin kai: zai kwantar da kunnuwa baya, ya riƙa kaɗa wutsiya, yana satar kallon hanyar barga. Wannan ɗan iska ne, gida yake so, ka matse shi da cinya ya wuce, in ya ƙi ka nuna masa ƙaimi. Ɗayar kuwa ba hayaniya a cikinta. Zai tsaya cak, ya buɗe ƙafafun gaba, kunnuwa biyu su nufi ƙasa, ya sauke hanci yana shaƙa a hankali, fatar kafaɗarsa tana rawa alhali ba ƙuda. Ba ya kallonka, ba ya kallon gida. Sauraro yake yi. In ka ga wannan, ka sauka ta baya-baya, ka ja shi ku bi sawunku ku koma.

Kuskure na biyu shi ne Gunya. Kana goye a lokacin. Akwai wani Oga Emeka mai sayar da kwanon rufi, mutumin kirki, ya sayi wata goɗiya mai suna Gunya saboda 'yarsa Ngozi da ta dame shi da son doki. Ya kawo mini ita barga ya ce, "Sale, wannan doki yana da kyau, amma shi yana tsaya-tsaya. Yarinya na ne zai hau. Ni ba na son wahala, ka gyara shi."

Na ce, "Oga, ka kwantar da hankalinka. In na gama da ita, ko kan gada ta igiya za ta bi."

Wallahi ban taɓa dukanta ba. Da ma dukan nata na yi da ya fi, don dokin da aka doka tsoronsa na nan a cikinsa, ɓoye shi kawai yake yi. Ni dabara na yi mata. Na lura ba ta tsoron mota, ba ta tsoron mutane, abu ɗaya ne ke tsayar da ita: duk inda ƙasa ta yi amo a ƙarƙashin kofato, kamar kan kwalbati ko gadar katako. Sai na haƙa ɗan rami marar zurfi a bayan barga, na jera katakai a kai, na ɗora kwano daga shagon Oga, na bi da ƙasa da ciyawa har ya saje da fili. Na cika aljihu da karas na tsaya a ɗaya gefen.

Ranar farko ta tsaya tana rawar jiki, gumi na tsattsafo mata a wuya. Ban matsa mata ba. Na yi ta kiran sunanta, ina miƙa karas. Da ta ɗora ƙafa ɗaya, na ba ta. Da ta ɗora biyu, na ba ta na shafa gezarta. Sannu ba ta hana zuwa, kafin damina ta yi nisa Gunya ta koma in ta ji ƙasa ta yi amo sai ta ɗaga kai ta ƙara sauri, ta san karas na gaba. In ta tsallake sai ta juyo ta yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, tana tura hanci wajen aljihuna. Masu dawaki suka riƙa zuwa kallo, ana cewa hannun Sale da magani. Kai, na ji daɗin wannan magana, har tafiyata ta canja.

Ka kiyayi yabo, ɗana. Kuma kada ka ɗauka don ba ka doki dabba ba, ba ka cuce ta ba. Kafin ka cire wa doki wani hali, ka fara tambayar kanka me halin yake tsare masa.

Ana gobe Ngozi za ta fara hawa bayan sun taso daga coci, na ce bari in fita da Gunya in gwada ta a fili karo na ƙarshe. An kwana ana ruwa, hantsi ya yi amma hazon damina bai tashi ba, irin wanda ke sauka kan duwatsu ba ka ganin saniya sai ka zo dab da ita. Na bi ta bayan tafkin nan mai koren ruwa, na shiga wani fili da ban saba bi ba. Ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau, lif-lif kamar an share. Na lura ba sawun shanu ko ɗaya a cikinsa, alhali ko'ina a kewaye kashinsu ne. Na lura kuma ba kukan tsuntsu. Na ga duk wannan da idona, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Muna cikin sassarfa sai na ji sautin kofatonta ya canja. Da yana cewa dif-dif, ya koma kamar ana buga ƙwarya a kife. Na ji jikinta ya ɗaure a tsakanin cinyoyina, fatar kafaɗarta ta yi rawa, kunnuwanta suka nufi ƙasa. Ta sani, Nura. Wallahi ta sani. Na ji ta yi kamar za ta tsaya, ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ta ɗaga kai ta ƙara sauri, kamar yadda na koya mata.

Ban ji wata ƙara mai yawa ba. Ƙasa ce kawai ta tafi. Allah Ya sa ƙafata ta fita daga likkafa, na wuntsila gefe na bugu da wani dutse, ƙashin ƙaurina ya karye. Da na dawo hayyacina na ɗaga kai, ba doki. Sai rami mai faɗin ɗaki, ciyawar bakinsa tana zubewa ciki kaɗan-kaɗan, wani sanyi mai warin tsatsa yana fitowa daga cikinsa. Na ja ciki na yi nesa da bakin, na kwanta da kunnena a kan ciyawa don ba ni da ƙarfin ɗaga kai. Na yi ihu har muryata ta dushe, hazo ya shanye.

Can sai na ji motsi a ƙarƙashina. Tafiya ce a cikin ruwa, caɓal, caɓal, a hankali. Ba daga wajen ramin take zuwa ba, ta riga ta baro shi, ta biyo ɗaya daga hanyoyin loto. Ta wuce ni kaɗan, ta tsaya, ta dawo. Ta tsaya daidai ƙarƙashin inda kaina yake. Sai na ji 'yar haniniyar nan ƙasa-ƙasa, wadda take yi in ta tsallake katako. Ta yi abin da na koya mata, ladanta take tambaya. Karas na nan cikin aljihuna, ina jin tudunsa a haƙarƙarina. Na yi kuka ranar kamar ba namiji ba, ina kiran sunanta cikin ciyawa, tana amsawa.

Wani Bafulatani mai kiwo ne ya tsince ni bayan azahar. Shi ma daga nesa ya tsaya yana kirana, ya ce in jawo jiki in iso gare shi, shanunsa ba sa shiga filin nan, shi ma ba zai shiga ba. Washegari 'yan loto suka sauka da igiya da tocila. Suka ce sun ga sirdi ya maƙale a bakin wata hanya, majayi ya tsinke, sawunta ya shiga ciki, ruwa kuma ya kai ƙirji. Babbansu ya ce ko nawa za a ba shi ba zai bi ta ba. Ba a sake ganin Gunya ba. Amma har ƙarshen daminar nan, masu kilisa suna gaya mini dawakinsu sukan tsaya a wurare dabam-dabam, nesa da ramin, su sunkuyar da kai su yi haniniya kamar suna amsa wa wani. Yau a nan, gobe a can gaba, kullum ana ƙara nisa, har aka daina.

Wani likitan dabbobi daga Vom da ke duba mana dawaki ya ce mini ba aljanu a ciki, doki yana jin girgizar ƙasa ta kofatonsa fiye da yadda muke ji da kunne. Na yarda da shi, gaskiya ya faɗa, abin da kakanka ya sani ke nan. Oga Emeka kuwa ya same ni a gidan maɗori, ya zauna bakin tabarma. Na zaci maganar goɗiyarsa zai yi. Sai ya riƙe kai da hannu biyu ya ce, "Sale, da yarinya na ne a kai fa?"

Kuskure na uku, da na warke sai na bar mutane suna kiran abin tsautsayi, ni ma na kama faɗa. Ka taso kana jin Babanka doki ya faɗa rami da shi, shi ya sa yake ɗingishi. Tsautsayi gaskiya ne, ba ya wuce ranarsa, amma wannan da hannuna na share masa hanya. Da na ba ka labarin yadda yake tun kana yaro, da yau ban ɗauki biro ba. Katakan ma ban ƙona su ba, na jingine su a bayan barga saboda rowar katako. In ka yi ɓarna a aiki, ka faɗe ta da sunanta ga na bayanka, kada ka lulluɓe ta da ƙaddara ka bar su su maimaita.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai, don ba ni da uzurin ƙuruciya a cikinsa. Da Oganka ya kafa maka sharaɗinsa, na zo barga na tarar ka jawo katakan nan ka jera su kan kwata, ka rufe da ƙasa, kana tsaye da karas kana kiran Bidi. Ba wanda ya koya maka, kanka ne ya kawo, jini ba ya ƙarya. Na buɗe baki zan yi magana. Sai na ga yadda kake lallashinsa, hannunka ya fi nawa laushi, haƙurinka ya fi nawa. Na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji. Na ce a raina yaro na neman abincinsa, katako ne kawai, saboda koya wa doki hawa mota ne, gobe zan yi masa magana. Goben nan ita ce ba ta zo ba har ka ɗaure kaya.

To ga abin da nake so ka yi. Kada ka sake ɗora Bidi kan katako. Daga yau duk inda ya yi ɗan jinkiri a fili, ko bai kai tsayuwa ba, ka sauka nan take, ka juya shi, ka ba shi karas a kan tsayuwar. Ban sani ba ko tsoron da aka cire yana dawowa, ban taɓa gwadawa ba, amma Bidi yaro ne, wataƙila da saura. Kafin ka ɗora kowane baƙo, ka bi hanyar da ƙafarka, da rodi a hannu kana dukan ƙasa kana saurare. Ka tambayi tsofaffin matan da ke wankin kuza a bakin rafi inda aka yi loto a da. Ka bi inda shanu ke bi, filin da ka ga sun kewaye shi kai ma ka kewaye. Sannan ka sami Oganka ka gaya masa dokinka yana tsayawa, kuma ba za ka hana shi ba. In ya ce ku tafi, ku taho. Tuwon gidan nan bai ƙare ba, turken Bidi ma ban cire ba.

Na san halinka, yanzu kana murmushi kana cewa Baba ya tsufa. To saurara.

Ranar da za ka tafi da safe ka fita da Bidi kilisar sallama. Ka dawo fuskarka kamar gonar auduga, ka ce, "Baba, ya warke! Filin nan na gefen tsohuwar hanyar jirgi da kullum yake tsayawa, yau ya ɗan yi rawar jiki kawai ya wuce da gudu." Na ce maka madalla. Da bakina na ce madalla.

Bayan tafiyarka aka yi ruwa mai yawa. Da ya ɗauke na kasa zama, na ɗauki sandata na hau keke mai ƙafa uku na je filin. Ƙasar jar laka ce, sawunku bai goge ba, na gane shi da kofaton hagu na baya da yake ɗan karkata. Na bi shi a hankali ina dogarawa. Na ga inda ya rage sauri, ƙafafun gaba suka buɗe. Na ga inda ya zabura.

Daga nan sawun ya ƙare, Nura. Rami ne a wurin, sabo, bakinsa na zuba, ya fi na Gunya faɗi. Na jefa dutse na daɗe kafin in ji ya taɓa ruwa. Na kewaya ta nesa, na je ɗaya gefen. Ga sawun Bidi nan ya ci gaba daga bakin ramin, tsaf, ya miƙe ya nufi gida. Tsakiyar ce kawai babu.

Innarka ba ta sani ba, ta dai ga na dawo na kasa cin abinci. Ni ba zan iya gaya mata ba. Ka bar wa dokin nan tsayuwarsa, don girman Allah, don darajar nonon da ka sha.

Allah Ya riƙe ƙasa a ƙarƙashinka duk inda ka taka. Ya tsare ka da tsarewarSa, kai da dabbar da ke hannunka da duk wanda zai hau ta. Ya ba ka kunnen ji, Ya yafe mini shirun da na yi, Ya dawo mana da kai lafiya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Ka aiko Iliya da amsa, ko kalma ɗaya ce.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale mai dawaki,
Kwararafa, Jos.